Wasiƙar Allakaye da na goge da hannuna

"Malam Isa, ina mel ɗin nan na garin Allakaye?" in ji shugaban biromu, yana tsaye a kaina.

Shekara goma sha ɗaya ni ne sakataren wannan biro, wato ofishin aikin gona na garin Buza. Al'adata, duk mel, wato wasiƙar intanet, da ya shigo sai in fitar da shi a takarda, in sa a dosiye, wato fayil, in goge shi daga ordinater, wato kwamfuta, kamar mai share tsakar gida. Yau na buɗe dosiyen, gara ta riga ni, ta cinye takardar. Sunayen manoman da za a raba wa irin gero ne a ciki, ga damina ta kawo kai.

Sai Hajiya Rabi, wadda aka turo mana daga Madawa wata uku da suka wuce, ta jawo kujera. Ashe ta sa wa ordinater ɗin wata manhajar bincike mai leƙa har kwandon sharar ordinater, inda abin da aka goge ke taruwa. Ta rubuta "Allakaye". Kafin in gyara hulata, ga wasiƙar.

Shugaba ya ce, "Hajiya, Allah shi yi miki albarka! Da ba don ke ba, da mun shiga uku."

Ta ce, "Ai ba ta tahi ko'ina ba. Malam Isa bai taɓa zubar da kwandon ba."

Wato sakacina ne ya cece mu, amma ita aka sa wa albarka. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa jin wannan addu'ar ba. Na ce "Madalla", amma a baki kawai.

Manoma za su samu irinsu, na sani. To jama'a, ku gaya mini gaskiya, me ya sa har yanzu abin ke cina?