Na Je Kano Ɗauko Wanda Zai Karɓe Mini Fijo

Ban taɓa yin tafiyar da ta ci mini rai kamar wannan ba, kuma ba wani nisa gare ta ba, Daura zuwa Kano ne kawai da dawowa. Ni direban wata makarantar kwana ne. Cikin tsohuwar lori na yi furfura, ina jigilar itace da buhunan gero. Sai bana, da kuɗin fetur suka shigo, aka kawo sabuwar Fijo fara aka damƙa mini makulli.

Mun tashi da asuba ni da akawun makaranta, za mu filin jirgi ɗauko sabon malamin lissafi daga wata ƙasa wai ita Filifin. Kwalta sabuwa, manyan motocin siminti sai wuce mu suke kamar za su tashi sama. Tun da aka mai da mu tuƙin hannun dama, har yau sai na tuna wa kaina a kowace kwana. A Kazaure muka tsaya shan koko. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Mai suyar ta ce tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi wake ma ya san kansa.

Nan akawu, bakinsa cike da ƙosai, ya gaya mini motar nan ba tawa ba ce. Cikin sharaɗin zuwan baƙon akwai gida, akwai firji, akwai mota. Ni riƙo aka ba ni. Na ajiye kokon ban shanye ba.

A filin jirgi ina ta hangen dogon Bature, sai ga wani ɗan guntun mutum mai kalar Buzaye, da akwati ɗaya ɗaure da igiya. Ya ba ni hannu biyu yana murmushi. Na so ya yi girman kai in sami abin riƙewa, bai yi ba.

Da muka baro Kano na ce akawu ya tambaye shi, shi da ba Bature ba, ina ya samo Turancin da har ake ba shi mota a kansa. Ya fara bayani, akawu na juya mini da Hausa. Wai Turawan Sifen ne suka mallake su tun kaka da kakanni. Mutanen ƙasar suka tashi suka yaƙe su, har da kakansa, da adda. Sun kusa gamawa sai Amurka ta kaure da yaƙi da Sifen a kan wani tsibiri, Kuba, ta aiko jiragen ruwa can wajensu ta ce taimako ta zo. Yaƙin ko damina ɗaya bai cika ba. Da aka zo kan babban birni, Turawan biyu suka shirya a tsakaninsu, aka yi harbe-harben ganin ido kamar kokawar da aka sayar, Sifen ta miƙa wuya ga Amurka. Su kakansa da suka sha wuyar kuwa, a bayan ganuwa aka tsai da su, aka hana su shiga. Bayan nan aka zauna a Turai aka yi cinikin ƙasar, babu ɗan ƙasar ko ɗaya a wurin. Sai Amurka ta cika ko'ina da makarantu.

Na ce wa akawu, “Ka gaya masa na fi shi gane labarin nan. Ni ne kakan nasa, shi ne Amurka.”

Akawu ya ce, “Haba Baba direba, wannan ba ta juyuwa.”

Abin da ya fi cina ma, ko a wajen mulkin mallaka sun fi mu sa'a. Nasu ya ci su ya bar musu Turanci. Namu ya ja layi a bayan Mai'adua ya raba ni da kawunnaina, ya tafi ya bar ni ina dangwala yatsa in karɓi albashi.

Bayan Kazaure dabara ta zo mini. Na tsaya na ce baƙon ya zo ya ja motar, mu gani. Lissafina shi ne ya kasa, akawu ya shaida, shugaban makaranta ya ce to a bar direba da motar. Mutumin nan ya gyara kujera, ya ɗora mu a kan titi kamar an zana. Jaki ya faɗo, ya kauce masa ko ruwan da ke cikin butata bai zuba ba. Wai su tun yana yaro hannun dama suke bi, irin na Amurka. Har titin ma an juya shi ya dace da shi.

Na sa aka tambaye shi abin da kakansa ya yi da aka hana shi shiga birni. Ya daina murmushi. Ya ce sun juya sun yaƙi Amurkan ita ma, aka kashe su ba adadi, suka gaji. Kakan ya rataye adda ya kai ɗansa makaranta.

Mun shigo Daura da la'asar, shi yana tuƙi ni a gefe, masu shago na kallona. Abin da na koyo bai wuce wannan ba: idan manya suka gama ciniki a ofis, wanda ke riƙe da kayan shi ne na ƙarshen ji.

Da safe na wanke motar tsaf, don kada a ce. Na cire buzun da na shimfiɗa a kujera da layar da ke jikin madubi, su da kuɗina na saya, ba sa cikin ciniki. Na ba akawu makulli ya kai masa, ni na tafi neman masu tura lori.