Yaye na Biyu a Kurfi

Ɗana na fari ya kai shekara uku bai haɗa magana ba. Ni kuwa aiki ya sha mini kai a Dutsin-Ma. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa, ga girki ga wanki, sai in kunna masa katun a waya in miƙa masa in samu lafiya. Duk wanda ya ce shirun yaron nan ya yi yawa, sai in hau shi da faɗa. Amma wallahi a raina tsoro nake ji.

Da ƙaramar Sallah ni da mijina muka je Kurfi da yaron, gaida surukata Hajiya. Tana ganinsa ta washe baki, "Oyoyo maigidana! Ina cefanena?" Ko kallonta bai yi ba. Ya kama jakata yana ihu, ya faɗi yana birgima a tsakar gida. Ɗan fari ne, ba dama in ɗauke shi in rarrasa a gaban surukai, sai na zaro wayar na tura masa kan tabarma. Nan take ya yi tsit.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Ta kira shi, ta tafa hannu, ko motsi.

"Wanga yaro ba a gama yaye shi ba," in ji ta. "Ku bar mini shi."

Na dubi mijina, gogan naka ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Ni kuma da wane baki zan ce a ba ni ɗana? Na ce, "To, Hajiya," kamar in haɗiye zuciya. Na ɗauke wayata muka fito, har bakin titi ina jin kukansa.

Ban yi barcin kirki ba har damina ta sauka. In na matsa a je, mijina ya ce kar Hajiya ta ga rashin kunyata. Ranar da haƙurina ya ƙare na shiga mota ni kaɗai.

Tun daga zaure na ji wata 'yar murya tana korar awaki, "Kai! Ku fita!" Na leƙa tsakar gida. Shi ne, ya yi buɗu-buɗu, bakinsa kamar rediyo. Na gaida Hajiya a gurguje, na ajiye kunya gefe na ce masa, "Zo, ɗauko takalmanka mu tafi gida."

Ya dube ni sosai, ya koma bayan kakarsa ya riƙe zaninta.

"Ni ba ni zuwa," ya ce. "Nan ne gidanmu."