Abdulhakim Maƙiyin Igiya

Duk wanda ya taɓa ratsa bakin kasuwar Lazaret a Yamai ya san Abdulhakim, in bai san sunansa ba to ya san kwat ɗinsa. Shi ne dogon nan mai butik ɗin gyaran kwamfuta kusa da masu gawayi, wanda ke saka kwat a tsakiyar bazara, gumi na bin wuyansa yana cewa shi iska yake ji.

Ɗan garin Tawa ne. Ubansa, Allah ya jiƙan rai, tukar igiya ya yi har ya koma ga Mahaliccinsa: ta guga, ta ɗaurin jaki, ta ɗaurin kaya. Da ita ya ciyar da yaron, da ita ya sa shi lekol, makarantar boko. To yaron da ya ci tuwon igiya har ya yi wannan tsawo, shi ne ya tashi ba abin da ya tsana a duniya kamar igiya da danginta. Wayar kuran, wato lantarki, wayar caji, har igiyar shanya, duk a wurinsa alamar ci baya ce.

Ya zo Yamai da niyyar zama injiniya. Makarantar ta dube shi, shi ma ya dube ta, suka rabu ba wanda ya riƙe takardar wani. Ya yi ƴan shekaru yana share ƙura a siber ɗin mutane, shagunan shiga intanet, sannan ya buɗe tasa daidai lokacin da rezo, wato intanet ɗin waya, ya shiga aljihun kowa, har mai sayar da ƙanƙara. Allah ya rufa masa asiri ya auri Nafissa, tela, ɗiyar Hajiya Iklima ta unguwar Saga. Keken Nafissa ne ke hura wutar gidan, shi kuma yana kawo bayani.

Wata shekara wani abokinsa mai zuwa Sin ya kawo masa kwali guda cike da ƴan na'urori, kowace ba ta fi gidan ashana ba. Abdulhakim ya ce sunansu ultra larj band, ya kuma faɗe shi sau da yawa har unguwa ta laƙaba masa Larjaban. Aikinsu shi ne a soka ɗaya a wannan kwamfuta, ɗaya a waccan, sai su riƙa miƙa wa juna abu ba waya a tsakani. Kuma gaskiya ɗaya ce, suna yi. Ya tara maƙwabta, ya tsinke wayoyin butik ɗin gaba ɗaya, ya aika hoto daga tebur zuwa tebur kafin mutum ya ƙifta ido. Aka yi kabbara. Sai mai gawayi ya ce a kai ɗayar rumfarsa a gani. Aka zaga bayan bango, aka wuce ƙofar ƙarfe, shiru kake ji. Ashe na'urar irin maƙwabciyar nan ce mai zuba in kuna tabarma ɗaya, kina ba da baya ta manta sunanki.

Da wani ne, da ya ajiye kwalin ya kama sana'a. Shi kuwa sai ya gano cewa na'urorin suna da wata baiwa: biyu daga cikinsu suna iya faɗin tazarar da ke tsakaninsu, ba su kuskure ko da faɗin yatsa biyu. Gidan ya shiga uku. Ya auna daga gado zuwa randa, daga randa zuwa makewayi, abin da ƙafarsa ta daɗe da sani ba da kuran ba.

Ana haka Layya ta gabato. Hajiya Iklima tana da rago fari mai baƙin kai, ita ta yi kiwonsa da hannunta, da dusar shinkafar Saga da harawa, tana masa magana kamar mutum. Ruwan farko ya kada katangar gidanta, sai ta sa aka kawo ragon Lazaret, gidan ɗiyarta mai ƙofar ƙarfe, ta ce a nan za ta yi Sallah. Ta haɗo shi da igiyarsa, sabuwa, mai kauri. Ragon nan shi ne Layyarta kaf, ba ta da wani, kuma a makon Sallah rago irinsa sai dai a kalla a wuce.

Abdulhakim ya dubi igiyar, ya yi tsaki. Ya ɗauki na'ura ɗaya, ya haɗa mata ɗan batir, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata saboda ruwa, aka bar ƴar kafa inda fitilarta ke ƙyaftawa. Ya rataya wa ragon a wuya, ya kwance igiyar.

Nafissa ta fito daga ɗakin ɗinki, almakashi a hannu.

"Baban Huda, wa ya kwance ragon Inna?"

"Ba kwance shi aka yi ba, madam, ƴanta shi aka yi. Zo ki gani. Ga shi nan a ordinatar, kwamfuta ta ce mita huɗu."

"Ni ma ga shi nan ina ganinsa, yana cin tabarmata."

"Ke da ido kike gani. Ni da ilimi."

"To ilimin ya iya riƙe ƙaho? Don Allah mayar da igiyar nan, ragon Layya ne, ba na gwaji ba."

Ya mayar, don almakashin. Washegari, jajibirin Sallah, tana fita kai ɗinkin mutane ya sake kwancewa.

Da hantsi mai garuwa ya shigo da ruwa, ya juye, ya fita ya bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya saba. Gwanin naku yana ɗaki gaban kwamfuta. Ya ga lamba ta motsa: biyar, bakwai, goma. Daɗi ya kama shi, har da tafa hannu, wai dubi yadda take bin ragon ba ta ɓata ko taku. Tsakar gidan nan ko an haɗa da makewayi bai kai goma ba, amma wannan lissafin bai zo masa ba. Lamba ta hau, ta hau, ta yi rawa, ta ɓace.

Ko tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta zari zane ta yi waje, da ta kamo shi kafin ya kai kwana. Abdulhakim mai gyara ne, ya yi abin da masu gyara ke yi: ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Ya jira ta gama miƙa. Ya zare na'urar, ya hura mata iska, ya mayar. Sai da ya yi haka har ya gaji sannan ya leƙa tsakar gida, ya tarar da igiya kwance a gindin turke, ita kaɗai.

Ranar Lazaret ta sha kallo. Jajibirin Layya, kowane lungu rago ne, kowace taksi da ƙaho a bayanta, ga mutum cikin kwat ya ɗauko kwamfuta a buɗe bisa tafukansa biyu kamar mai tallar fari masa, yana bin garke-garke. Ko da lambar ta dawo, tazara kawai za ta faɗa, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Ba ta ma dawo ba.

"Mushe mai kwat, me ake sayarwa?"

"Larjaban, har yanzu ragon bai bipe ka a waya ba?"

"Ka sa masa kiredi kuwa?"

Kafin la'asar batir ɗin kwamfutar ya mutu. Ya koma gida don ya yi caji, ya tarar an ɗauke kuran.

Da safiyar Sallah Hajiya Iklima ta sauka daga taksi da daronta, da ƙullin yaji, da sandunan gashi da ta sa aka fere mata tun Saga. Aka sauko daga idi, maza suka yi yanka, aka feɗe, aka baje kowane rago a kan sanduna biyu a gicciye, aka jingina su kewaye da babbar wutar da maƙwabta suka haɗa a tsakiyar titi. Kowane gida da wurinsa. Wurin Hajiya, sanduna ne tsirara a jikin bango, duk mai wucewa sai ya dube su ya dube ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Suruka ba ta sa-in-sa da mijin ɗiyarta, ba ta ma kama sunansa. Ta zauna a kujera ƴar tsuguno, Abdulhakim na tsaye a gabanta kai a ƙasa, ta juya ga Nafissa.

"Tambayar min maigidan naki, shi ragon a cikin talabijin ɗin nan nasa za a gasa shi?"

"Inna, wallahi rezon ne..." in ji shi.

"Ki ce masa ban tambayi rezo ba, ban san uwarsa ba. Rago na kawo da igiya. Na ga igiyar."

Haka aka wuni, hayaƙin naman mutane yana shigo musu ta saman katanga.

Washegari da safe, lokacin da ake sauke nama daga sanduna ana rabo, sai ga sallama. Alu ne, wani mai sayar da dabbobi a bayan kasuwa, yana janye da ragon Hajiya da igiya mai tsawon gaske, shi a can, rago a can, kamar mai jan mahaukacin kare. Ragon ya shige gida ya nufi tabarmar Nafissa. A daidai nan aka ji ihu daga ɗaki.

"Mita shida! Na same shi! Madam, na ce miki za ta samo shi!"

Ya fito da gudu da kwamfuta a hannu, ya kusa tuntuɓe da abin da ya samo.

Alu ya durƙusa nesa da ragon ya gaida Hajiya. Ya ce shi tsintar sa ya yi, kuma don kada ya ji kaɗaici ne ya sa shi cikin nasa na sayarwa. To duk mai saye da ya ɗaga wuyan ragon sai ya ga laya da jan ido tana ƙyafta masa, sai ya yi a'uzubillahi ya bar wurin, har sauran ragunan ba wanda ya taya. Ya nemi mai yanke layar, mahauta suka ce hannunsu na ciwo. Matarsa ta ce ko ita ko ragon a gidan.

"Hajiya, don girman Allah a gaya wa malamin da ya yi aikin nan, ko gashi ɗaya ban taɓa ba."

Abdulhakim ya gyara kwat. "Kai, wace irin laya? Wannan ultra larj..."

Nafissa ta taka masa ƙafa da dunduniya.

"Malamin ya ji," in ji Hajiya. "Tashi ka tafi, kada ka waiwaya."

An yanka ragon a ranar, Layya ta yi, don lokacinta bai fita ba. Amma babbar wuta ta zama toka, an share titi. Rago ɗaya tilo a jingine gaban ƴar wuta kamar ta mai shayi, Hajiya na zaune tana gadinsa, masu wucewa da kwanonin rabo suna tsayawa.

"Barka da Sallah, Hajiya. Ke ranar Sallar Najeriya kika bi bana?"

Ta amsa wa kowa da murmushi, irin wanda ke sa ɗiya ta nemi aiki a madafa.

Da naman ya gasu ta yi rabo da hannunta. Maƙwabta suka samu, mai garuwa ya samu, har gidan Alu ta aika da ƙafa. Daga ƙarshe ta ɗauko kwanon sha mai murfi, mai fure, wanda ake ba manyan baƙi, ta miƙa wa Nafissa ta ce a kai wa maigida. Abdulhakim ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe. Igiyar ce, an wanke ta an naɗe ta tsaf.

"Ki ce masa irin tukar babansa ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Ba ta jiran kuran."

Har yau yana nan a butik ɗinsa, cikin kwat, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa na'urarsa ce ta dawo da ragon. Kwalin yana saman kanta, ya sha ƙura, gindinsa ya ɓarke tun damina. Da igiyar Hajiya aka ɗaure shi.