Hannun Daman Malam Issufu

Kafin in san ƙofar gidan kaso, ni ne wanda ake cewa kwamfuta ba ta yi masa gardama a unguwar Zariya, nan Maradi. Malam Issufu, mutumin Tsibiri, shi ya koya mini aikin, shi kuma ya sama mini wuri a makarantar koyon kwamfuta ta wani Alhaji.

Babbar na'ura guda ce a ofis. Ni da Malam muka rubuta mata jerin umarni, kullum da safe ta ƙirƙiro ƙananan kwamfutoci a cikinta, ɗaya ga kowane ɗalibi. Ƙananan fanko ne. Da sun farka sai su yi kira ta rezo, wato hanyar sadarwar da ta haɗa su, babbar ta ba kowacce adireshi da abin da za ta tashi da shi.

Wata rana suka ƙi tashi. Waya ce ta saki, na mayar, Alhaji ya cika mini hannu yana sa mini albarka. Daɗin nan shi ya kashe ni. Na ƙara layi ɗaya a cikin umarnin, wanda jifa-jifa zai ba ƙananan duka lambar katin rezo iri ɗaya, alhali da lambar nan babbar ke bambance su. Babbar ta rasa wa za ta amsa wa, alluna su tsaya baƙi ƙirin, a aiko neman gwani. In zo ina ɓata rai, in ce wani abu ya ƙone sai an sayo, in soke kuɗin a aljihu.

Da Alhaji ya gaji, ya kira Malam Issufu. Malam yana da wata al'ada da muke yi wa dariya: duk umarnin da aka rubuta sai ya buga shi a takarda ya adana. Da hantsi ya zo. Ya duba wayoyi, lafiya lau. Ya ga kira yana isa wurin babbar, amma da lamba ɗaya. Sai ya shimfiɗa takardarsa gefen allo yana bi da yatsa, layi-layi, har yatsan ya tsaya.

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Wanga layi ba shi cikin takarda. Ɗana, ko ka hwaɗa ma Alhaji da bakinka, ko ni in hwaɗa."

Ban san lokacin da na ɗaga batirin ajiye wuta na ofis ba. Na sauke shi a kan hannunsa na dama, na ji ƙasusuwa sun ruguje. Na ɗaga na ƙara. Jini ya jiƙa takardar, Malam ya zube yana salati. Ɗalibai suka tare ni a ƙofa da benci da duwatsu. Kafin 'yan sanda su iso, haƙorana biyu suna ƙasa.

Shekarun da na yi a kaso, ba duka ko yunwa ke hana ni sukuni ba, ƙarar ƙasusuwan nan ce. A can na tuba, na yi kuka kamar yaro.

Da aka sake ni na nemi Malam. Ya bar aikin, yana Jiratawa yana gadin injin ban ruwa a lambun surukinsa. Na durƙusa na roƙi gafara.

Ya ce, "Na yahe maka tun tuni."

Ya miƙo mini hannu mu gaisa. "Ka yi haƙuri da hagu, ita ka bar mani."

Matasa, in an ba ku amanar abin da mai shi bai gane ba, ku ji tsoron Allah, kada ku ɓata don a kira ku gyara. Ni layi ɗaya na ƙara. Har yau malamina da hagu yake cin tuwo.