Birkin da Yaya Ya Zaɓa

A shekarar da aka karya darajar sefa, gida biyu ne ke ci daga mota ɗaya, motar kuma ba tamu ba. Fijo ce bashe, fara, mai buɗaɗɗen baya, ta wani Alhaji ɗan kasuwa da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi. Yayana ke tuƙa ta tun ina lakwal, wato makarantar boko. Ya ɗauko albasa da tumatir daga Jiratawa, ya kai hatsi Tibiri ranar kasuwa, abin da ya samo da shi ake ɗora tukunya a gidansa, da shi kuma ake ɗora ta a nawa. Ni akawu ne a wani biro, wato ofis na gwamnati, sai aka wayi gari an rufe biron, aka ce mu tafi gida za a neme mu. Har yau ana nemanmu. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu da lasifika, kowa na alkawarin gyara ƙasa, ni kuwa ina zaune a Sabon Gari ina jin kunyar matata duk safiya.

Sai idon Yaya ya fara mutuwa. Yanar ido ce ta rufe na hagu, ta soma cin na dama. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa, don hanyoyin nan ya san su kamar tsakar gidansa. Amma wata rana ya wuce Alhaji a ƙofar shagonsa bai gaishe shi ba, a makon nan kuma ya shafi wani amalanke da gefen mota. Alhaji ya kira mu mu biyu. Ba mugun mutum ba ne, kasuwarsa ma ta soma tangal-tangal. Ya ce wa Yaya, "Ba na so motar nan ta bar gidanku. In akwai wanda zai riƙe ta a cikinku, ka kawo shi filin sukuwa ranar Juma'a bayan la'asar, in ga hannunsa. Maganar permi, takardar tuƙi, mai sauƙi ce, daga baya a yi ta. In babu, ɗan ƙanwata na jira."

Wanda zai riƙe ta a cikinmu ni ne, babu wani. Ni da ko keke sai da na girma na iya. Muka fito daga shagon, Yaya har da dariya. Ya ce, "Akawu, hannun da ya iya tafireta ai zai iya sitiyari." Haushi ya kama ni, na ce mishi tafireta ba ta taɓa kashe kowa ba.

Kwanakin da suka rage ya koya mini a lungun bayan gidansa, gaba kaɗan, baya kaɗan, kuloci na ƙwace mini, mota na tsalle tana mutuwa. Duk sanda na taka birki sai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe, ƙiii, har kaji su watse. Yaya ya ce pilaket ɗin gaba sun ƙare, wato takalman birki, kuma ba zai bari Alhaji ya ji wannan kukan ba. Muka sayar da rediyonsa ranar Alhamis muka shiga kasuwa wajen masu kayan mota.

Ina gefensa ina raɗa mishi inda kwata take da inda tudu yake, shi kuma yana tafe kai a sama yana gaisawa da mutane ta muryoyinsu. Mai shagon ya san shi. Ya fito da iri uku. Akwai na Faransa a cikin kwali, wanda tun da sefa ta faɗi ba ma a tambayar kuɗinsa, kallonsa kawai ake yi. Akwai kuma iri biyu da ake shigowa da su daga Najeriya, ɗaya mai tauri, ɗaya mai laushi. Mai shago ya miƙo, Yaya ya kai hannu gefe guda, cikin iska. Na yi wuf na karɓa na sa mishi a tafi, kamar ladabi nake yi. Zuciyata ta yi zafi a wurin nan, don na ga mai shagon ya gani ya kau da kai.

Yaya ya shafa kowanne da babban yatsa, ya karce da farce, ya ƙwanƙwasa biyu kusa da kunnensa. Ni na riga na yanke, mai taurin nake so, don mai shago ya ce ya fi daɗewa. Na ce, "Yaya, rediyo ɗaya gare ka. In wannan ya cinye, mi za mu sayar?"

Ya ce, "Mai tauri na direban da ƙafarsa ta nuna ne. Sai ya ɗau zafi yake kamawa, kuma yana son wanda ya hango tsayawa tun daga nesa. Kai fa? Sai jaki ya iso hancin mota za ka tuna akwai birki. Mai laushi da ka taɓa shi ya kama. Yana cinyewa da wuri, amma yana yafe wa mai koyo."

Na ce ni ba yafiya nake nema ba, abinci nake nema. Muka yi ta sa-in-sa a gaban mutane, gemai-gemai da mu. Ƙarshe ya ce, "To, ka tuƙa da mai taurin, ni in sauka." Aka ƙunshe mana mai laushin a takardar siminti.

Ranar Juma'a da sassafe muka fita. Shi ya tuƙa, ni ne idonsa: dama kaɗan, ga mai kabu-kabu, rage, ga shanu. Filin sukuwar yana bayan gari ta wajen hanyar Tibiri, zagayayyen fili ne mai ƙasa a daddaɓe, da wani gawo guda a gefe. Ba kowa sai awaki. Na ce mu sa sabbin pilaket tun yanzu, ya ƙi. Ya ce in gama cinye tsofaffin da ƙafata ta akawu, sabbin na Alhaji ne, sai dab da zuwansa. Gareji kuwa ba ya son zuwa, kada makanikai su ga yana lalube. A nan gindin gawo zai sa su da hannunsa.

Wannan ce rana ta farko da na sa mota a giya ta uku. Wallahi na ji tsoro. Ƙasa na gudu ta ƙarƙashina, gawon nan ya taho ya wuce, ya sake tahowa. Gumi ya jiƙa rigata har wando. Yaya ba ya ganin hanya, amma da kunne da gindin zama yake koyarwa. "Ka matsa mata, saki totur. Kada ka taɓa birki a kwana, ƙasa za ta kwashe ka, saki totur kawai ta rage da kanta. Sa biyu. Biyu na ce, Akawu, ba baya ba." Na zage shi a zuci, na zagi gwamnati, na zagi wanda ya ƙirƙiro kuloci. Sau ɗaya na kashe mota na kifa kai a sitiyari na ce ba zan iya ba, a bar ni in je in yi dako. Bai lallashe ni ba. Cewa ya yi, "Dakon ma kayan da mota ta kawo ake ɗauka. Tada ta."

Kafin azahar na soma zagayawa ba tare da ta mutu ba. Ya sa ni in ajiye takalmina a tsakiyar hanya in riƙa tsayawa a gabansa. Na take takalmin nan har ya canza kama, amma daga baya na riƙa tsayawa daidai, sau da yawa a jere. Har wani ɗan daɗi ya soma shiga raina, na fara lissafin cewa yau zan shiga gida in kalli matata ido da ido.

Muka je masallacin Juma'a a ƙasa muka dawo, sannan aka hau aiki. Ni na ɗaga jak na kwance tayoyi, shi ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, yana aiki da yatsu, fuskarsa na kallon sama. Ya zare tsofaffin, sun zama kamar ɓawon rake. Ya sa ƙarfe ya tura abin da ke matse su baya don sabbin su samu wurin shiga. Wani noti ya yi gardama ya cinye mana lokaci. Ina ɗaure taya ta biyu na hango ƙura, Alhaji ne, ya zo tun kafin la'asar don yana da tafiya. Ɗan ƙanwar tasa ke jan shi, wani ƙato mai baƙin tabarau, ya fito ya jingina da mota yana kallon bashen nan kamar an riga an ɗaura mishi aure da ita.

Alhaji ya gaisa da mu, ya ɗauko butarsa ta alwala ya taka ya ajiye ta a tsakiyar hanya. Ya ce, "Zagaye ɗaya. Ka zo da gudunka, ka tsaya kafin butar nan. Shi ke nan." Ya koma bayan butar kaɗan ya tsaya a gefe.

Muka shiga, ni a sitiyari, Yaya a kujerar fasinja. Ina tada mota sai na ji yana buga ƙafarsa ta dama a ƙasan mota, dum, dum, dum. Na ɗauka fargaba ce. Na ce, "Yaya, don Allah bar buga ƙafar nan, kana ƙara rikita ni." Ya ce, "To, ai an gama. Bismilla, mu tahi."

Zagayen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ɗaya, biyu, uku, ba ta yi gardama ba. A kwana na saki totur kamar yadda aka koya mini, ban taɓa birki ba. Na miƙe, ga buta can, ga farar rigar Alhaji. Na auna wurin da nake takawa tun safe, na taka.

Ba komai a ƙarƙashin ƙafata. Birkin ya nutse har ƙasa kamar na taka cikin kunu, mota kuwa ko a jikinta. Na danne shi da duk ƙarfina na ƙame. Na ce, "Yaya, babu birki." Ya daka mini tsawa, "Saki ka sake taka! Kirɓa!" Na saki na taka, babu. Na sake, ya ɗan yi nauyi. A na gaba ya kama gaba ɗaya, motar ta turje ta karkace gefe, goshin Yaya ya daki gilashi. Amma na riga na ji butar ta fashe a ƙarƙashinmu, Alhaji kuma ya yi tsalle baya ya faɗi zaune, hularsa a ƙasa. Hancin motar ya tsaya daidai inda yake tsaye ɗazu.

Ashe in an sa sabbin pilaket, sai an kirɓa birki kafin a motsa, don su matso su zauna. Kowane direba ya san wannan. Yaya ya fi kowa sani, shekara da shekaru yana yi, da ya shiga mota ƙafarsa ke yi da kanta, ko tunani ba ya yi. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa da baki ba ke nan, don bai taɓa zama a ɗaya kujerar ba.

Yana dafe da goshi ya ce, "Ai na kirɓa. Wallahi na kirɓa kafin mu tashi."

Na ce, "Ka kirɓa, Yaya. A gefenka."

Ya kai ƙafa ya shafa ƙasan motar a gabansa, inda ba komai sai roba. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin nan ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina irin haka ba, ni da na ji bugun na ce ya bari.

Muka fito. Yaya ya yi wa Alhaji bayani tiryan-tiryan, ya ce laifinsa ne, a ba ƙanensa zagaye ɗaya kawai, yanzu birki ya zauna. Ni ma na roƙa, har na durƙusa, ban ji kunyar mai tabarau ba. Alhaji ya kakkaɓe hularsa. Ya ce, "Na yarda da duk abin da ka faɗa. Amma shi bai sani ba, kai kuma ba ka gani. Yau buta ce. Gobe a kasuwar Tibiri ɗan wani ne." Ya yi alkawarin aiko da buhun gero, kuma ya aiko, Allah ya saka mishi. Amma makulli ya miƙa hannu ya karɓa.

Mai tabarau ya shiga bashen, ya gyara madubi, ya ja ta. Alhaji ya bi shi a tasa motar. Ya ce mu shigo ya rage mana hanya, Yaya ya ce a'a, akwai wanda za mu gani a nan kusa. Ba wanda za mu gani. Muka tsaya a gindin gawo, ni ina tunanin abin da zan faɗa a gida biyu, shi ya karkata kai yana sauraron injin. A bakin kwalta wata tirela ta taho, bashen ta tsaya cak, ta ba ta hanya.

Yaya ya taɓa ni ya ce, "Ya taka birki ko?"

Na ce, "Ya taka."

Ya ce, "Ka ji? Ko ƙara babu. Na faɗa maka mai laushin ya fi."

Ya duƙa ya lalubo tsofaffin pilaket ɗin ya zuba a aljihu. Sannan ya ɗora hannunsa a kafaɗata, abin da bai taɓa yarda ya yi a waje ba, ya ce, "Ka riƙa faɗa mini inda rami yake." Haka muka shigo Maraɗi, da sauran rana, a idon mutane, bai sauke hannun ba har ƙofar gida.