Babandi Mai Goro da Fararen Bawul

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a shekarun alif ɗari tara da tamanin ya san rumfar Babandi, ko bai san sunan mai ita ba. Tana kan hanyar da ke gangarawa Mokola, kullum da huhunan goro jingine da bango. Babandi gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin wani daga barci. A Sabo aka haife shi, a goro ya buɗe ido, kuma bai taɓa yarda akwai wani abu a duniya da ba a zaɓensa kamar goro ba. In zai sayi takalmi sai ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai hanci. Matarsa Talatu, mai sayar da ƙosai daga cikin gida, takan ce ita ma ranar da ya fara zuwa zance sai da ta ga yana leƙen kanta, ko akwai sankara irin ta goro.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: abu mai tabo baƙi ruɓaɓɓe ne, fari kuwa na manya ne.

Ni maƙwabcinsa ne. Bayan makarantar mishan na yi aiki a gidan waya har na yi ritaya, shi ya sa duk takardar Turanci da ta shigo layinmu ƙofata take kwana. Baba Akawu suke ce mini.

A gidan Babandi akwai wani tsohon faifan garmaho, irin mai nauyin nan da ke fashewa in ya faɗi. Mahaifinsa, marigayi Sammani, ɗan amshi ne a ƙungiyar wani makaɗin mahauta, an taɓa ɗaukar waƙarsu sau ɗaya tak, kafin mulkin kai. Garmahon ya daɗe da mutuwa. Iya, mahaifiyar Babandi, ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, ta kuma ce bayan Babbar Salla za ta bi motar goro ta koma Bichi wurin danginta, ba ta dawowa. Abu guda ta roƙa: ta sake jin faifan nan kafin ta tafi.

Babandi ya samo injin juya faifai mai aiki da lantarki, ya aro amfilifaya da lasifika wurin masu kiɗan biki. Da aka haɗa, sai waƙar ta fito kamar kukan sauro a cikin tulu. Iya ta kasa kunne, ta ce, “An fara ne?”

Na ce masa muryar faifan ba ta da ƙarfin da za ta isa amfilifaya ita kaɗai, sai an sa wata ƙaramar na'ura tsakani ta ɗaga ta. Ya ce, “To, ɗan rakiya ke nan.” Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

A Mokola akwai shagon Mama Bisi, wadda mijinta mai gyaran rediyo ya rasu ya bar mata kaya har rufi. Cikinsu akwai kwalaye irin na haɗa-da-kanka: a ba ka kayan a warwatse, da zane, kai za ka liƙa. Muka je tare. Ta sauko mana da na ɗan rakiya iri uku. Na farko na taransista ne, bai fi akwatin ashana biyu ba. Babandi ya ɗaga, ya ajiye.

“Baba Akawu, wannan ai ba komai a cikinsa. Muryar namiji ba za ta bi ta nan ba.”

Sauran biyun masu bawul ne, wato ƙananan kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da tsofaffin rediyo ke aiki da su. Ɗaya mai bawul biyu, ɗaya mai huɗu da tarin wayoyi. Idonsa na kan babban, don ya fi nauyi. Na ce masa wanda bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, da ƙarami yake farawa, ga shi Salla ta gabato. Ya sansana kwalin mai biyun, ya daɗe yana nazari, sannan ya yarda. Bawul ɗin ba sa cikin kwalin, Mama Bisi ta ce suna cikin wani kwando a ɗakin ajiya, ya dawo gobe ya ɗauka. Na rubuta masa lambar da zai duba a jikinsu.

Daga ranar, da an yi la'asar sai ya rufe rumfa mu shimfiɗa tabarma a zaure. Ni karatu, shi liƙi. Yatsun da suka saba ɗaure huhu sun sha ƙuna, har da gefen gemu sau ɗaya. Talatu takan leƙo ta bayan labule.

“Malam, ƙauri nake ji. Ƙosaina ne ko kai ne?”

“Ilimi ne, Talatu.”

“To ilimin ya fara kamawa, a rage wuta.”

Amma hannunsa na da tsabta, wannan zan shaida. Bawul ɗin kuwa bai nuna wa kowa ba. Ya naɗe su cikin busasshen ganyen goro ya sa ƙarƙashin gado, ya ce sai ranar.

Ranar ta zo, washegarin Salla, motar Bichi kuma da asubar gobe za ta tashi. Aka zaunar da Iya kan buzu dab da lasifika. Mata suka taru bayan labule, abokan rumfa suka cika ƙofa. Babandi ya kwance ganye da bisimilla, ya cusa bawul a gurbinsu, ya kunna. Faifai ya juya. Shiru.

“An fara ne?” in ji Iya.

Na matso na sa tabarau. Kan kowane bawul fari fat, kamar an shafa alli.

“Babandi, duk na cikin kwandon haka suke?”

“Ina! Ai sai da na tsince. Yawancinsu duk sun yi baƙin tabo a ka. Da ƙyar na samu farare biyu masu lambar nan. Har na ba matar shawara ta zubar da sauran kada su harbi na kirki.”

Na ce masa a bawul baƙin tabon nan mai ƙyalli shi ne alamar lafiya. In ya koma fari, iska ta shiga, ya mutu.

Ya dube ni kamar na ce masa rana daga yamma take fitowa. Daga bayan labule aka ji Talatu: “Allah na gode maka da ba farar mace ba ce ni.” Zaure ya ɗauki dariya. Babandi bai yi ba. Iya yake kallo, da ƙullin kayanta da ke jingine a lungu.

Bai tsaya neman hula ba. Na bi shi a baya ina haki har Mokola. Mama Bisi na shirin rufe shago.

“A'a, Baba Goro! Ka zo ka ga ko na zubar?”

“Mama, kin zubar?”

“Ni? Matar Ibadan ta zubar da kaya don wani ya ce? Oti o, ko kusa!” Ta jawo kwandon daga ƙarƙashin benci. “Wanne kake so yau?”

Ya sunkuyar da kai. “Ruɓaɓɓun.”

“Ban ji ba.”

“Ruɓaɓɓun, Mama. Biyu.”

Duk da haka sai da ya auna su a tafin hannu.

Da muka dawo an fara watsewa, Iya kaɗai ba ta motsa ba. Ya cusa, ya kunna. Cikin kwalaben wata 'yar wuta ja ta taso a hankali kamar garwashi. Sai ƙarar allura, sai kalangu ya cika zauren har kwanukan Talatu suka amsa. Makaɗin ya ja baiti, 'yan amshi suka karɓa. Bayansu kaɗan, wata murya mai kauri ta shigo ita kaɗai, tana bin sahu.

Iya ta ɗaga yatsa.

“Ga shi nan. Ya makara. Kullum sai an shiga sannan yake shiga.” Ta goge ido da bakin mayafi, tana murmushi. “Haka ya zo ɗaurin aurenmu ma. Mayar, Babandi, in sake ji.”

Ya ɗaga allura ya mayar, ya sake mayarwa, har aka kira magariba.