Ila da tankar da ya ce ba ta hujewa

Shekara biyar ke nan da wani ɗan Bouza ya tsaya a ƙofar gidanmu a Tamaske, ya cire hula, ya ce yayana Ila ya ƙone cikin tankar yaƙi a hamadar arewa. Bai kawo gawa ba, bai kawo ko takalmi ba. Yaƙin ma ba namu ba ne. Cin rani Ila ya tafi, aka ga ya iya inji, aka ɗora shi kan ƙarfe.

Masu cewa tsautsayi ne ya kai shi ba su san shi ba. Ila ya so abin tun yana gyaran injin ban ruwa a garaken albasa. Yakan tsinto tsofaffin mujallun Faransanci, ya ajiye a gabana don ni ce ƴar kolej. "Malama, karanta mani wagga." Ni na karanta masa yadda manyan ƙasashe, bayan babban yaƙi, suka shiga gasar ƙera shar, kamar yadda sojoji ke kiran tankar. Wannan ya ƙara kaurin ƙarfe, wancan ya ƙara tsawon bindiga, har nauyi ya kai gada ba ta ɗaukarsu. Na kuma karanta masa inda aka ce masu ƙera su sun soma jingine mafi nauyin, don an samo makamin da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa ya huda su. Nan ya fizge mujallar. "Ke dai kin cika gardama."

Ya zo gida sau ɗaya da kakin wata ƙasa. Gidanmu gidan maganin ƙarfe ne tun kakanni, kuma Inna ta ɗaura masa layar Baba tun yana yaro. Ranar komawa ya kwance ta, ya sa a hannun Inna yana dariya. "Inna, ƙarhen da ni ka shiga ya hi tahin hannunki kauri. Aje ma Sani." Sani ɗansa ne, lokacin yana goye.

Inna ta ce layar da ya bari ce ta kashe shi. Ni na ce ba laya ba kauri, wuta ba ruwanta. Mun yi wata ba mu yi wa juna magana mai daɗi ba. Daga baya ta sake shawara, ta ce ai ba wanda ya ga gawa. Ta hana a raba gado, ta hana kowa taɓa gonarsa ta kan tudu. Damina biyar gonar tana kwance, ta zama fako, matarsa tana surfen gidajen mutane don ta ciyar da Sani.

Yanzu katafila sun cika ƙasarmu ta Keita, suna yaga fako ana shuka. Sarƙar ƙafarsu irin ta tankokin mujallun Ila ce sak. Da yana nan da ya raina su, ya ce ba bindiga. Da kuma kafin la'asar ya kori direban ya hau. Abin da ke cina ke nan: ƙarfen da ya bi har hamada ya zo ƙofar gida da kansa, ba ya nan.

Ran da Inna ta fara jin ƙarar sarƙar, ta fita ba mayafi. Ta daɗe tsaye tana duban direban, wani baƙon yaro. Sannan ta dawo gida.

Bana, kafin ruwan shuka, ta kira kawunmu. "A kai abin nan gonar Ila, shi hwasa ta. Ɗanai na cin hatsi."

Ba ta ce ya mutu ba, ban kuma matsa mata ba. An fasa gonar, gero ya kai gwiwa. Sani na korar awaki a bakinta, layar tana lilo a damtsensa, an yi mata ɗauri biyu don ta yi masa yawa.